Sassaƙa Da Tsofaffin Kayan Gida: Yadda Ake Zubi Da Haɗi Ba A Goge Sawun Mai Kaya Ba

Cokalin da ya daɗe yana juya tukunya gefensa ɗaya ya fi cinyewa, har ana iya gane ko mai shi bahago ne. Takalmi yana lotsawa daidai inda nauyin mai shi ke sauka, hannun ƙofa kuma yana yin sheƙi a wurin da tafi ke kamawa. Wannan sawun amfani shi ne jarin masassaƙin da ke aiki da kayan yau da kullum, domin shi ke nuna shaƙuwar da ke tsakanin mutum da abinsa ba sai an siffanta mutumin ba. Yawancin ayyukan da ke lalacewa a hannun masu koyo a nan suke lalacewa: an wanke, an goge, an shafe, har abin ya koma kamar na kanti.

Ɗaukar kayan amfani a kai shi zauren baje koli tsohon abu ne. Tun 1913 Marcel Duchamp, mai fasaha ɗan Faransa, ya kafa ƙafar keke a kan kujera. Sai dai shi abin da babu wata shaƙuwa a cikinsa yake nema. Waɗanda suka biyo baya sun juya akalar. Song Dong na ƙasar Sin ya shimfiɗa kaya sama da 10,000 da mahaifiyarsa ta ƙi zubarwa tsawon shekaru, ya fara nuna su a Beijing a 2005. Michael Landy kuwa a 2001 ya lissafa duk abin da ya mallaka, guda 7,227, ya ragargaza su cikin mako biyu a wani tsohon kanti a Landan. Tsakanin mai adanawa da mai hallakawa akwai hanyoyi da yawa, kuma kafin ka taɓa komai sai ka san wadda za ka bi.

Me kake son ya rage?

Abin da kansa kake so ya rage, ko siffarsa ta waje, ko kuwa gurbin da ke cikinsa? Amsar ce ke zaɓa maka kayan aiki. In gurbin ciki ne, zubi za ka yi a cikinsa, kuma galibi sai an yanka ko an fasa abin kafin zubin ya fito. In siffar waje ce, mazubin silikon (ruwan roba mai kamawa ya zama mai lanƙwasa) za ka haɗa, abin ya tsira. In shi kansa ne, aikinka haɗi ne ko binnewa.

Idan kayan na wani ne, musamman na mamaci, a gaya wa masu shi ƙarara ko zai dawo ko ba zai dawo ba, kuma ya fi kyau a rubuta. Bayan haka a ɗauki hotonsa ta kowane gefe da ruler a kusa, a auna nauyinsa. Tsabtacewa ba ta wuce busasshen buroshi mai laushi ba. A cire batir daga duk abin da ke da shi, don yakan yi yoyo ya ci ƙarfe. Katako, fata da tufa na iya zuwa da ƙwari a ciki: a ɗaure su a leda, a fitar da iska, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda, sannan a bar su kwana ɗaya a cikin ledar sanyin ya sake su kafin a buɗe, don raɓa ta kwanta a kan leda maimakon kayan. Abin da aka haɗa da gilashi da ƙarfe da gam, kamar agogo, kada ya shiga firiza.

Zubin ciki: tsohon takalmi da garin POP

Rachel Whiteread ce ta fi shahara da wannan hanya. Ta yi zubi a cikin robar ruwan zafi ta ɗumama gado, a 1990 ta ɗauki siffar cikin ɗaki guda da farin garin zubi, wato POP, a 1993 kuma ta ɗauki ta cikin gida sukutum da kankare a gabashin Landan, aka ɓare bangon daga waje. A shekarar ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Turner ta masu fasaha a Birtaniya, gidan kuma aka rushe shi a Janairun 1994. Ga mai farawa, takalmin fata ya fi komai koyarwa, don cikinsa na ɗauke da lotsawar diddige da ta yatsu.

Fara da awo. Cika takalmin da busasshen yashi, ka juye a kofin awo, ka ga lita nawa ya ci, sannan ka kakkaɓe shi sosai. Ƙa'idar kwaɓin POP na zubi ita ce ruwa kashi 70 ga gari kashi 100 bisa nauyi. Kilo ɗaya na gari da ruwa mililita 700 suna ba da kwaɓi lita ɗaya da ɗan ɗoriya. Yi amfani da sikeli. Awon ido shi ke sa zubi biyu na ƙafa ɗaya su fito ɗaya da ƙarfi ɗaya yana marmashewa.

Fata da yadin ciki suna shan ruwa. In ka zuba kwaɓi kai tsaye za su zuƙe ruwan saman zubin kafin ya kama, sai fuskarsa ta fito tana gari, zaren yadin kuma ya maƙale. Shafa farin gam na katako da aka sirka da ruwa rabi da rabi, shafi biyu, kowanne ya bushe, sannan basilin siriri ƙwarai. In basilin ya yi kauri zai cike ƙananan layukan da kake nema, ya bar sawun buroshi a madadinsu. Wasu na sa leda a ciki don sauƙi. Ba na ba da wannan shawara: abin da za ka samu siffar tamojin leda ce, takalmin ya ɓace. Akwai masu barin wani sashe ba shafi da gangan don launin fata da ɗan zare su bi zubin, kuma yakan yi kyau, amma a gwada a wani takalmin da ba a damu da shi ba tukuna.

Ɗaure igiyar yadda mai shi ke ɗaurewa, ka toshe hujojin igiya da yumɓu daga waje, sannan ka binne takalmin a akwatin yashi mai danshi har wuya. Yashin ne ke hana nauyin kwaɓi kumbura gefuna.

Ruwa ake fara zubawa a bokiti, mai sanyi kuma mai tsabta, sannan a riƙa barbaɗa gari a kai. Kada a taɓa zuba ruwa a kan gari, gudaji zai yi. A bar shi ya jiƙa minti biyu ba motsi, sannan a juya minti biyu zuwa uku daga ƙasa, ba tare da bugawa ba don kada iska ta shiga. Daga nan kana da kamar minti goma. Ruwan ɗumi, yawan juyawa, da ɓurɓushin tsohon kwaɓi a jikin bokiti duk suna gaggauta kamawa, shi ya sa bokitin da ba a wanke ba ke cin amanar mutum.

Zuba kashi ɗaya cikin uku, ka karkata akwatin gaban takalmi, wajen yatsu, ya yi ƙasa, ka girgiza don kwaɓin ya kai yatsu. A can ne iska ke ɓuya, kuma zubin da ya fito ba babban yatsa ya tashi aiki. Sannan ka cika, ka riƙa bubbuga gefen akwatin minti guda kumfa ta taso. In kana son ƙarfi, tura zaren buhu da aka jiƙa da kwaɓi a tsakiya. Kada ka sa ƙusa ko wayar baƙin ƙarfe tsirara a cikin POP: za ta yi tsatsa, jan tabo ya huda zuwa waje cikin makonni. Alminiyom ko ƙarfen da ba ya tsatsa ne suka dace.

Cikin rabin awa zai ɗau zafi sannan ya huce. Zafin nan ba wasa ba ne. Kada kowa ya tsoma hannu ko ƙafa cikin POP mai kamawa, ya sha jawo ƙuna mai tsanani har da rasa yatsu. Ragowar kwaɓi kuma kada ya bi magudanar ruwa, don zai daskare a cikin bututu.

Bar shi ya kwana. Washegari ka bi layin ɗinki da reza, ka fara cire tafin, sannan ka ɓare fatar daga diddige zuwa gaba. Ja fatar, kada ka ja zubin. Zai yi kwanaki da dama, wani lokaci fiye da mako, kafin ya bushe. Muddin yana da sanyi in ka taɓa shi da bayan hannu, da sauran ruwa. Kada a gasa shi a zafin da ya wuce digiri 50, zai yi rauni, kuma fentin da aka shafa kafin ya bushe ɓarewa yake.

Abu ɗaya game da kayan da ba sa lanƙwasa: POP yana ɗan kumbura yayin kamawa. In ka zuba shi a kofin ƙarfe, kwalba ko tulu mai ƙaramin baki, ba zai fito ba sai an fasa ko an yanka mazubin. Wanda bakinsa ya fi gindinsa faɗi kaɗai ke sakin zubi.

In ana son abin ya tsira: mazubin silikon

Silikon na zubi yana ɗaukar komai, har sawun yatsa, kuma mazubi ɗaya na ba da kwafi da yawa. Wannan ne ke ba ka damar jera maɓalli ɗaya sau hamsin, ko ka fito da mataji na roba a kakin zuma ko siminti, ya zama ido ya san siffar amma nauyi da launi sun sauya.

Iri biyu ne. Mai kamawa da sinadarin kuza ya fi haƙuri da datti, amma yana ɗan tsukewa kuma bayan 'yan shekaru yakan fara yagewa. Mai kamawa da filatinam ya fi daɗewa, sai dai yana da tsirfa: in ya haɗu da sinadarin farar wuta ba zai kama ba, zai tsaya yana danƙo a jikin abin. Farar wutar nan tana cikin wasu yumɓun roba na sassaƙa, da safar hannu ta roba mai talewa, da tafin takalmi, da taya. Don haka a sa safar nitiril, kuma kullum a ɗiga kaɗan a wani ɓoyayyen gefe a jira ya kama kafin a zuba duka. Cire danƙon silikon daga abin da ba shi da na biyu aiki ne mai ɓacin rai. Taurin da ya dace da yawancin kayan gida shi ne lamba 20 zuwa 30 a ma'aunin taurin roba da ake kira Shore A. Yawan haɗin kuwa ya bambanta: wasu ɗaya da ɗaya, wasu 100 da 10, wasu ƙasa da haka. Abin da ke jikin gwangwani shi za a bi.

Ga abu mai shimfiɗaɗɗen gefe ɗaya, kamar kwaɗon ƙofa ko maɓalli, mazubi guda ya isa. Manna abin a katako da ɗan gam, in ba haka ba zai taso ya yi iyo. Kewaye shi da bango na kwali mai ƙarfi, a bar tazarar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta kowane gefe da sama, a toshe duk wata kafa, don silikon na bin hujin da ruwa ma zai yi shakka. Lissafin yawa: akwati mai santimita 15 da 8 da 5 yana cin mililita 600. In abin ya ci 100, saura 500. Silikon ya ɗan fi ruwa nauyi, don haka ninka da 1.15, ka ƙara kashi goma cikin ɗari na abin da zai maƙale a kofi, ka samu kimanin giram 630.

Juya minti uku kana kankare gefe da gindin kofi, ka juye a wani kofin ka sake juyawa. Wurin da ya ƙi kamawa a mazubi kusan kullum daga gefen kofin da ba a kankare ba yake. Fara shafa siririn shafi da buroshi a jikin abin, sannan ka tsiyaya sauran daga sama, siriri kamar zare, a kusurwa ɗaya, ka bar shi ya hau abin da kansa. Tsiyayar nesa tana fasa kumfa. Yawanci sai ya kwana kafin a cire.

Abu mai zagaye, kamar buta ko kofi mai hannu, yana bukatar mazubi biyu. A binne rabinsa a yumɓu daidai layin da ya fi faɗi, a lotsa ramuka huɗu ko biyar a yumɓun don ɓangarorin su riƙa zama daidai, a zuba rabin farko. In ya kama a juya, a cire yumɓu, a shafa basilin a fuskar silikon, a zuba na biyu. Wanda ya manta basilin nan zai tarar abin ya kulle a cikin dunƙule guda, don silikon ba abin da yake kamawa kamar ɗan'uwansa. A bar hujin zubi a gefen da ba za a gani ba, da ƙaramin hujin iska a duk wani tsini da ke kallon sama. Gilashi da tangaran mai sheƙi ma sai an shafa musu abin rabawa, katako da tufa kuma sai an toshe ƙofofinsu da feshin akirilik marar launi. Ka sani wannan feshin ba ya fita gaba ɗaya, don haka "tsira" a nan ba ta nufin abin zai koma yadda yake sak.

Binnewa a siminti ko rezin

Doris Salcedo ta Kolombiya ta cika kabad da kujeru da siminti, wani lokaci da tufafi a ciki suna ɗan leƙowa, don tuna mutanen da rikicin ƙasarta ya ɓatar. Ita ce kuma ta tara kujerun katako 1,550 a wani kango tsakanin gine-gine biyu a Istanbul a 2003. Ƙarfin wannan hanya shi ne abin yana nan amma ba ya sake amfanuwa.

Kwaɓin siminti ɗaya da yashi mai laushi biyu ya isa, da ruwa kimanin rabin nauyin simintin ko ƙasa da haka. Matsala ta farko nauyi ce. Aljihun tebur mai santimita 40 da 30 da 12 yana cin lita 14 da ɗoriya, wato kusan kilo 30, kuma gindinsa ba zai ɗauka ba. Cika tsakiya da farin soso mai tauri na kunshin kaya, ka bar siminti kaurin santimita uku a fuska, ka danne soson don yana tasowa. Ta biyu ruwa ce: busasshen katako zai sha, ya kumbura, ya tsaga simintin, in ya bushe kuma ya ja baya ya bar rata. Wasu itatuwa ma suna fitar da sukari da ke hana fuskar siminti kamawa. Shafi biyu ko uku na banish a cikin aljihun yana maganin duka biyun. Siminti yana cin ulu da siliki, yana kuma cin alminiyom har ya riƙa fitar da kumfa. Auduga ta fi jurewa. Yana ƙona fata, a sa safar hannu da tabarau. A rufe da leda a bar shi da danshi kwana bakwai. Cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28.

Rezin mai haske kuwa, wato ruwan roba mai kamawa ya yi tauri kamar gilashi, a yi hattara da shi, har ta fuskar fasaha, don yana saurin mayar da aiki abin tsaraba. In ya zama dole, a sayi na zubi mai zurfi. Na shafin tebur in ya wuce kamar santimita ɗaya yana ɗaukar zafi, ya yi rawaya, ya tsage. Abin da za a binne ya bushe ƙarau, don danshi na sa hazo. A shafe shi da siririn rezin tukuna, in ba haka ba zai yi ta fitar da kumfa. Takarda in ba a toshe ta ba takan jiƙe ta koma shara-shara, rubutun baya ya fito ta gaba. A yi aikin inda iska ke wucewa, kuma a sani kowane rezin irin na efoksi yana yin rawaya a rana, bambancin sauri ne kawai.

Haɗi da ratayewa

El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka daga 1975 zuwa 2011, yana ɗinke dubban marafan kwalba na alminiyom da wayar jan ƙarfe su zama shimfiɗa mai lanƙwasa. Cornelia Parker ta sa motar daɓe titi ta bi ta kan kayan azurfa fiye da dubu, cokula da farantai da sauransu, sannan ta rataye su da waya rukuni talatin, a aikinta na 1988 zuwa 1989. Dukansu huda da waya suka dogara da su, kuma da dalili. Gam ɗin kyandir yana saki in wuri ya yi zafi. Gam mai saurin kamawa yana barin farin hazo kuma ba ya jure girgiza. Robar jarka da bokiti kusan babu gam ɗin da ke riƙe ta. Huji biyu a kowane mahaɗi sun fi ɗaya, don guda ɗaya yana barin abu ya riƙa juyawa. A roba, hujin ya yi nesa da baki da aƙalla ninki biyu na faɗinsa, in ba haka ba zai yage. In aikin waje zai zauna, kada jan ƙarfe ya taɓa alminiyom, danshi zai sa alminiyom ɗin ya ci. Tsatsar da kake so ta zauna, ka kakkaɓe mai ɓarewa kawai ka shafa kaki siriri. Banish mai sheƙi yana sa ta yi kamar jiƙaƙƙiya.

Abin ratayewa a auna shi, a zaɓi waya da ƙugiyar da ke ɗaukar aƙalla ninki biyar na nauyin, kuma a kafa a jikin ginshiƙi ko kankare, ban da silin.

Wajen nunawa, farin zubi yana mutuwa a ƙarƙashin fitilar da ke haska shi kai tsaye daga gaba. Kawo hasken daga gefe, ƙasa-ƙasa, sai kowace lotsawa ta yi inuwa. Tsayin mazauni ma magana ce: takalmi a ƙasa ana ganinsa a matsayin takalmi, a kan dandamali daidai ƙirji kuwa ido siffarsa yake bi. Bayanin da ke jikin bango ya tsaya ga sunan aiki, shekara da kayan da aka yi shi da su, da jimla ɗaya in ta zama dole. Dogon labarin mai kaya yakan sa mutane su karanta bango su wuce aikin. Cikakken bayani wurinsa takardar da za ta bi aikin duk inda ya je: irin gari ko silikon da aka yi amfani da shi, yawan haɗi, abin da aka shafa a sama, inda ake kamawa in za a ɗaga, da hoton yadda ake jera sassan, kowanne da lambarsa a ƙasa da fensir.